Badalar Kano: a ba jama'a damar ƙalubalantar izinin gini tun kafin a haƙa tushe

Naira biliyan uku gwamnatin Kano ta amince ta biya 'yan kasuwar Filin Idi a ƙarshen 2023, bayan Babbar Kotun Tarayya ta yanke mata diyyar biliyan 30 kan shagunan da ta rushe. Kuɗin talakawa ne. Gwamnati guda ta yanka fili ta ba da takarda, wadda ta gaje ta ta turo katafila, sannan aka zaro diyya daga aljihun wanda ba a taɓa jin ta bakinsa ba.

Masu tafa wa rusau na cewa da haka ake ceto kayan tarihi. Wane ceto? Badalar da aka baje ƙasarta aka zuba kankare ba ta dawowa don an rushe shagon da ya hau kanta. Ganuwar da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda ke jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2007, takardar izini ce ta fi ruwan sama cinye ta. Ƙofar Na'isa ma da sunan faɗaɗa titi aka rushe ta a 2010, aka maye gurbinta da sabon gini.

A kullum tambayar ɗaya ce: ranar da aka sa hannu, ina mai ƙorafi zai nufa? Wanda aka hana izini yana da lauya, ya san ƙofar kowane ofis. Amma idan an bayar, mai unguwa da malamin tarihi da mazauna bakin ganuwa sai dai su wayi gari su ga tifa na juye yashi. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa kula da wurin, ba ta wuce rubuta wasiƙa.

Wasu za su ce dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Amana aka ba shi, ba gado ba.

Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi kotu ta musamman don ƙorafin izinin gini. A tashe ta ta yi aiki. Duk izinin da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, za ta bayar a jikin badala a kafe shi a bainar jama'a, a ba da wa'adi, kuma da zarar an shigar da ƙara a dakatar da aiki har sai an yanke hukunci. Wanda ke tsoron wannan wa'adin, ya fito ya gaya wa Kanawa abin da ke cikin takardarsa.