Kududdufin da ya ƙafe bai mutu ba

Jama'a, mu yi maganar kududdufai tun yanzu da rani, kafin ruwa ya sauka hankali ya koma gona. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Zariya ya san su: ramukan da aka ɗebi ƙasar gini aka bari, su cika da damina, yara su yi ta iyo, wajen Maris kuma su ƙafe, laka ta tsattsage, awaki su riƙa bi ta kai. A ganinmu shi ke nan, ba abin da ya rage sai leda da shara. Wannan zaton ne, a ra'ayina, ya sa muke yaƙi da cuta bayan ta riga ta shigo gida.

Kowa ya san gaiwa tana shigewa cikin laka ta kwanta har damina ta zagayo. To ƙananan halittun ruwa marasa ƙashin baya sun fi ta iya wannan dabara nesa ba kusa ba, kuma wasunsu ba alheri suke jiran mu da shi ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa da masana ke kira Bulinus, bai kai kan yatsa girma ba. Idan ruwa ya fara ja baya sai ya nutse cikin laka ko ƙarƙashin ciyawa, ya toshe bakin ƙwanson da majinarsa, ya yi watanni ba ci ba motsi. Ruwan farko na sauka sai ya farka ya hau hayayyafa. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaro mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗin, bayan 'yan makonni tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Ba sai ya sha ruwan ba. Har yau akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma, alhali mafitsararsa ce ke lalacewa. Najeriya kuwa tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta.

Maganin praziquantel da ake rabawa a makarantu yana aiki, ban raina shi ba. Amma yana kashe tsutsar da ke cikin jiki ne kawai, ba ya hana sabuwa shiga. A ba yaro ƙwaya yau, Yuli ta yi ya koma ruwan da ya saba, an koma gidan jiya. Da rani ne ake iya taka ƙasan kududdufi, a ga inda yara ke shiga, a yashe ciyawar gefe, a gina bayi a kusa don kada a mayar da bakin ruwa wurin tsugunawa. Kada wani ya ce a cike su duka a sayar da fuloti. Su ne ke shanye ruwan da da ya afka gidajen mutane a watan Agusta.

Sauron Aedes ma haka, baƙi mai ɗigon fari da ke cizo da rana, mai yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi. Yana manna ƙwansa a jikin randa, ko tsohuwar taya, ko gwangwani, ɗan sama da inda ruwa ya tsaya, ƙwan ya bushe ya yi watanni da ransa. Shi ya sa zubar da ruwa kaɗai bai wadatar ba, sai an sa soso an goge cikin mazubin. Shawara dai ta sake ɓulla a ƙasar nan tun 2017.

Amma ba duka ne sharri ba. Ku leƙa wurin mai ƙyanƙyasar tarwada ku gani. Zai buɗe gwangwani mai ɗauke da wani gari kamar yashi mai laushi, ruwan ƙasa-ƙasa, ya ɗebi cokali ya zuba a robar ruwan gishiri, ya sa bututun iska. Washegari war haka, in ka haska tocila, za ka ga ruwan yana motsi da ƙananan halittu masu ruwan lemo. Atimiya ke nan, abincin farko na 'ya'yan kifi. Garin nan ƙwai ne da ke barci, kuma mafi yawansa daga ƙetare yake zuwa, musamman daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Da dala ake sayen sa, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi sai kuɗin ɗan kifi ya tashi. Alhali a ruwayenmu masu ƙafewa akwai danginsa da ke barin ƙwansu a busasshiyar laka, wasu masu kiwo ma sun daɗe suna renon irinsu don rage kashe kuɗi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wata 'yar jar tsutsa, ta wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. A ƙananan ramukan ruwa da ke kan duwatsun arewacin Najeriya aka samo ta, masanin Ingila Hinton ya yi bayaninta a 1951, aka raɗa mata Polypedilum vanderplanki. Idan ramin ya bushe sai ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan jikinta, ta cika kanta da wani nau'in sukari da ke kare sassan jikinta daga lalacewa. A ɗiga mata ruwa, cikin kamar awa ɗaya ta motsa ta ci gaba da harkarta. An farfaɗo da wadda ta yi shekara 17 a bushe. Masana a Jafan sun duƙufa a kanta, an ma kai ta sararin samaniya ta dawo da rai. Abin da suke nema a jikinta ya shafe mu kai tsaye: yadda za a adana magani ko allurar rigakafi ba tare da firiji ba. Ka tuna yadda wutar lantarki take a asibitocin ƙauyukanmu.

Ga Kufena, ga sauran duwatsun da suka kewaye gari, ga kogunan Kubanni da Galma, ga masana halittu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai ba ya buƙatar na'ura mai tsada kafin ya fara. Ya ɗebo busasshiyar laka daga kududdufai daban-daban, kowace a robarta da sunan unguwar, ya zuba ruwa, ya rubuta abin da ya fito a mako na farko da na biyu. Inda dodon koɗin tsargiya ya bayyana, a kai sunan wurin ga mai unguwa da ma'aikatan lafiya tun a watan Afrilu, kafin yara su fara shiga.