Wai in ƙara riga!

Yau da asuba digiri 11 na tarar a ɗakin yara. Bradford, tsakiyar Janairu. Hita ta kunna kanta ƙarfe biyun dare muna ƙudundune cikin bargo, ta ƙone gas son ranta, sannan ta mutu daidai lokacin alwala. Hunturu na huɗu ke nan muna wannan fama.

Duk wanda ya yi haya a Ingila ya san tsohon agogon nan na jikin boyila, tukunyar gas da ke ɗumama gida: faifai mai ƙananan haƙora, kowane haƙori minti 15, ka danna na lokacin da kake son ɗumi. Namu haƙora uku sun karye, kuma kullum makara yake ƙarawa. Bai san Asabar ba, bai san Litinin ba, balle ya san ɗaki ya yi sanyi ko ya yi ɗumi. Abin da na roƙa kawai shi ne a sa mana na'urar daidaita ɗumi wadda ake saitawa, digiri 18 kafin yara su tashi, ta sauka idan mun fita. Ba ta kai fam 100 ba. Na ma ce ni zan saya, ni zan biya mai haɗawa, izini kurum nake nema, tunda takardar haya ta hana ni taɓa ko ƙusa.

Saƙo shida ba amsa, sai na wanke ƙafa na tafi ofishin ejan. Yarinyar da ke kan tebur, wadda na haifi kamarta, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Boyilar tana kamawa?" Na ce tana kamawa, amma lokacin da ta ga dama. Ta ce, "To ai tana aiki ke nan." Na ce ɗiyata na tari, bangon bayan gadonta ya yi baƙi da danshi. Sai a nan ta dube ni, ta kurɓi shayinta, ta yi wani guntun murmushi ta ce, "Na san daga inda kuka fito akwai zafi. A nan mu riga muke ƙarawa."

Ikon Allah! Shekara 12 ina ƙasar nan, ashe ban san amfanin riga ba sai da malama ta karantar da ni. Ita kuwa hitar ofishinsu har gumi take sa mutum, da 'yar shimi take zaune. Na ce to a rubuta min cewa an hana. Ta ce mai gidan yana hutu. Mutumin nan ban taɓa jin yana hutu ranar karɓar haya ba.

Amma laifinta kaɗan ne, ta ga wuri ne ta yi rawa. Gwamnati ce ta ba su bakin magana. A Afrilun 2022 aka ɗaga farashin gas da lantarki da kashi 54 cikin ɗari, sai kuma aka cika mana kunne da wa'azin a rage ɗumi da digiri ɗaya a yi tattali. Da me zan rage? Da haƙorin da ya karye? Dokar 2018 da ta wajabta irin wannan na'ura sai ana sa sabuwar boyila take aiki, don haka masu gidaje suka gane: a yi ta lallaɓa tsohuwa har ta ga jikoki. Yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, danshin gida ya kashe shi a Rochdale a 2020. Aka yi doka da sunansa mai tilasta wa masu gidaje gyara danshi da wuri, aka fara da gidajen hukuma da na ƙungiyoyi, mu 'yan hayar masu zaman kansu aka ce mu jira layi.

Yanzu na saita waya ƙarfe huɗu da rabi, in tashi in kunna boyila da hannu. Fam 850 nake biya duk wata, kuma ni ne agogon gidan.