Mai aski da kakin soja

Tunda sanyi ya shigo nan Minnesota ba inda nake zuwa in na tashi daga aiki, sai na koma kallon tsofaffin finafinan barkwanci na Amurka, irin wanda ake ɗaukar wani a matsayin wani saboda kama. Mu fa da muka taso da fim ɗin Indiya a Kano, da ka ga mutum biyu fuska ɗaya ka san tagwaye ne aka raba tun suna jarirai, kamar Seeta aur Geeta na 1972 da Hema Malini ta fito a duka biyun, ɗaya a gidan kuɗi matar kawunta na gana mata azaba ɗaya kuma tana wasa a titi, ƙarshe jini ya haɗa su a yi ta kuka. Su ma nan suna da nasu, The Parent Trap na 1961, Hayley Mills ita kaɗai ce tagwayen, amma gaskiya a wannan fannin Indiyawa sun fi su.

Inda Amurkawa suka sha gaban kowa shine The Great Dictator. 1940 fa, Hitler yana kan ganiyarsa, Amurka ma ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba tukuna, Charlie Chaplin ya fito a mutum biyu, azzalumin shugaba Hynkel da wani talaka Bayahude mai aski. Ba uwa ba uba tsakaninsu, kama ce zalla. Aka cafke Hynkel bisa kuskure yana farautar agwagwa, shi kuwa mai aski da ya gudo cikin kakin soja sai sojoji suka dinga sara masa har suka ɗora shi kan dandamali wai ya yi jawabi. Wlh dariya nake amma abin ya tsaya min a rai, mu ana cewa kama da wane ba wane ba ne, su kuma kakin kawai suke gani. Wannan bangaren nake so 'yan Kannywood su gwada, direba ya hau kujerar gwamna mu gani ko wani zai lura.

Ko da yake ni ma a ciki nake. Wata bakwai ke nan a wurin aiki ana kirana da sunan wani ɗan Ghana, mutumin da ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba ga gemu, ni ko gashin baki babu. Na gaji da gyara musu, yanzu in an kira sunansa sai in amsa, shi ma yana amsa nawa.