Kiran Iraniyawa "Majusawa" ragon azanci ne

Tun yaƙin kwana 12 da aka gwabza tsakanin Iran da Isra'ila a watan Yunin 2025, wata tsohuwar kalma ta dawo bakin mutanenmu. Duk mai jin haushin Tehran sai ya ce ai Majusawa ne, jikokin masu bautar wuta, shi ke nan ya rufe magana. Kowa na da damar sukar gwamnatin Iran, ni ma ina da nawa ƙorafin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dunƙule tarihin kusan shekara 1,200 cikin zagi ɗaya, kuma galibi daga bakin masu alfahari da daular Abbasiyya.

Sarki Sairus ya kafa daular Farisa, wato Iran ta dā, wajen shekara ta 550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ci Babila a 539. Dariyus ya raba ƙasar larduna, ya gyara hanya mai tsawon kilomita kusan 2,500 daga Sardis zuwa Susa. Iskandar na Makidoniya ya rushe su a 330. Daga baya Fartiyawa suka tashi, sai Ardashir ya kafa daular Sasaniyawa a 224 Miladiyya, ɗansa Shafur ya kama sarkin Rum, Baleriyan, da ransa a 260. Waɗannan su ne Kisrori da muke ji a karatun Sira, su ne suka ci Rumawa suka ƙwace Ƙudus a 614, cin nasarar da farkon Suratur Rum ke magana a kai.

To, da Musulmi suka ci su a Ƙadisiyya da Nahawand, me suka yi da abin da suka tarar? Ba su zubar ba. Littattafan haraji na Iraƙi sun ci gaba da zama cikin Farisanci har zamanin Hajjaju bin Yusuf. Dirhamin da aka yi ta bugawa shekaru da dama bayan faɗuwar Mada'in, babban birnin Sasaniyawa, yana ɗauke da hoton Kisra a gaba da murhun wuta a baya, an dai ƙara "Bismillah" a gefe, har sai da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya sauya kuɗin a ƙarshen ƙarni na 7. Kalmar diwani ta Farisa ce. Haka ma handaƙ, ramin da Salmanul Farisi (RA) ya ba da shawarar a haƙa a Madina, dabarar yaƙi ce ya zo da ita daga ƙasarsu. Da Halifa Mansur na Abbasiyawa ya kamu da ciwon ciki a 765, daga Jundishafur, garin likitoci na Sasaniyawa, aka ɗauko masa likita. Bagadaza kanta a kusa da kangon Mada'in aka gina ta a 762. Wanda ya ci wannan gado, ina bakinsa na raina masu shi?

Akwai kuma 'yan kewar sarautar Shah, tsohon sarkin Iran, da ke tallar Sairus a matsayin uban haƙƙin ɗan Adam. Wannan ma tatsuniya ce da aka yi wa kwalliya a bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500 da Shah ya shirya a 1971, domin sarki ne mai yaƙi kamar sauran.

Ban ce daular Kisra ta adalci ce ba. Talaka ya sha haraji, 'yan sarki sun yi ta kashe juna bayan 628, shi ya sa ta ruguje da sauri, har aka kashe sarkinta na ƙarshe, Yazdajird na Uku, a Marwa a 651. Amma mai zagi bai san ko wannan ba, kuma ba ya son ya sani. Jahilci ne ake sayar mana da sunan kishin addini, kuma abin kunya ne a ji shi daga kan mumbari.

Malaman da ke karantar da Sira a Islamiyyu su daina tsallake Farisa da jimla ɗaya. Idan aka zo kan wasiƙar Annabi (SAW) da Kisra ya yaga, a tsaya a gaya wa yara wace irin ƙasa yake mulka.