Ba jahilai ne suka ƙona "mayun" Turai ba

Tun ranar 8 ga Maris 2022, da Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotland a lokacin, ta miƙe a majalisar Sikotland ta nemi afuwar waɗanda aka kashe da sunan maita a ƙarƙashin dokar 1563, abin ya zama yayi. Majalisar yankin Kataloniya na Sifaniya ta riga ta da 'yan makonni, jihar Connecticut ta Amurka kuma ta biyo sahu a 2023. Ban ƙi a wanke matattu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bayanin da masu sharhi ke maƙala wa labarin a kullum: wai duhun kan mutanen da ne, ilimi ya zo ya kawar.

Wane duhun kai? Mutum dubu 40 zuwa dubu 60 da aka kashe a Turai tsakanin ƙarni na 15 da na 18, galibinsu kotu ce ta yanke musu hukunci, da alƙali da magatakarda da hatimi. Littafin da ya fi rura wutar, Malleus Maleficarum, malamin coci Heinrich Kramer ne ya rubuta shi wajen 1486, injin ɗab'i ya baza shi. Sarki James na shida na Sikotland, da ake kurantawa da karatu, da kansa ya zauna a 1590 ana tuhumar wata ungozoma, Agnes Sampson, wai ita da wasu ne suka tayar wa jirginsa guguwa yana dawowa daga Denmak. Aka yi mata ƙwal-kwabo, aka hana ta barci, aka ɗaure mata kai da igiya ana murɗawa har ta amsa. A 1597 sarkin ya wallafa nasa littafin kan mayu.

Je ka Bamberg ta Jamus a 1628. Johannes Junius magajin gari ne, ba ƙyalle ba. Aka tuhume shi da maita, aka matse masa 'yan yatsu da ƙarfe har jini ya fito ta farce, aka rataye shi ta hannuwa. A wasiƙar da ya aika wa 'yarsa a ɓoye daga kurkuku, ya ce duk abin da ya amsa ƙarya ne, kuma unguwa-unguwa aka riƙa lissafa masa ana cewa ya faɗi sunan mayen da ya sani a can. Nan gizo ke saƙa: kowane wanda aka azabtar sai ya haifo wasu, dukiyar wanda aka ƙona kuma a ƙwace. Masu cewa ƙiyayyar mata ce kaɗai, mun ji, mata ne suka fi yawa, amma su faɗa mana da wace ƙiyayya aka ƙona Junius.

Kuma ba daina yarda da maita ce ta tsayar da kisan ba. Alonso de Salazar Frías, alƙalin kotun coci a Sifaniya, ya zagaya yankin Basque a 1611, ya saurari mutum kusan 1,800 da suka amsa laifi, mafi yawansu yara. Ya yi ta neman hujja ɗaya tak da ido zai gani, bai samu ba. Zuwa 1614 aka sauya ƙa'idar shari'ar, wutar ta mutu a can, alhali jama'a na nan da imaninsu da mayu.

Shi ya sa ban ɗauki labarin nan tatsuniyar Turawa ba. Mun san yadda ake yi a wurinmu: yaro na fama da zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, kafin la'asar an ce ta kama masa kurwa, an jawo ta a kan dole ta tsallake shi, ga sanduna a hannun samari. Mun kuma san ɗakunan bincike da har yau ake karɓar amsa laifi da kulki, a kai wa alƙali ya sa hannu. A koyar da shari'ar Junius a makarantun lauyoyi da na 'yan sanda, a kuma daina karɓar duk wani iƙirarin da aka samo bayan duka, ko na maita ne ko na satar waya.