Ranar da Na Kai Hajiya Kallon Fure

Wayar babbar 'yata ce ta jawo mini. Wata Alhamis a watan Afrilu, bayan sallar isha'i, ina zaune ina lissafin cinikin shago, ta zo ta dungura mini ita a fuska. Bishiyoyi ne jere a bakin rafi, fure ya lulluɓe su kamar an watsa musu auduga, mutane sun yi shimfiɗa a ƙarƙashi suna cin abinci.

"Abba, ka ga Japan. Sunan furen sakura. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu yake fitowa, sati ɗaya zuwa biyu ya kaɗe, shi ya sa kowa ke rububin zuwa kallo."

Ta ce har Amurka an kai irin bishiyar, a 1912 birnin Tokyo ya aika wa Washinton kyautar sama da guda 3,000, kuma har yau duk shekara ana yi musu biki. Sai ta sauke murya, ta ce, "Mu kuwa ko gidan zu ba a taɓa kai mu ba."

Nan ta taɓo ni. Shekarata 19 a Agege ina sayar da shadda da yadi, kuma in ka cire filin Idi da gidan suna, ba inda na taɓa kai iyalina da sunan shan iska. Na rufe littafin lissafi, na bugi ƙirji na ce jibi Asabar kowa ya shirya. Wani abokin ciniki ya taɓa ba ni labarin wani lambu can tsallaken ruwa, wajen Lekki, inda ake biyan kuɗi a shiga a ga furanni.

Uwargida ta leƙo daga kicin. "Baban yara, fure dai? Wanda ke jikin katangar maƙwabta ya ƙare ne?"

Hajiya mahaifiyata kuwa, wadda ta zo mana daga ƙauye duba ido, tana kan darduma tana jan carbi. Ta dakata.

"Furen me? Na wake ko na kabewa?"

"Na kallo ne kawai, Hajiya."

"Ana cin sa?"

"A'a."

"Magani ne?"

"A'a."

"To Allah ya kyauta. Ku tafi da ni, in ga abin da ke cin kuɗin ɗana."

Na ce ƙarfe 7 za mu fita. Tara da rabi ta same mu a ƙofar gida ana neman takalmin auta. Uwargida ta cika kuloli biyu da dafaduka, ga jarkar zoɓo, ga burodin Agege, ga tabarma an naɗe, sai ka ce masu tafiya Kano a mota. Ni kuma na ɗauko farar shaddar da na ɗinka na ajiye don Sallah, babbar riga da 'yar ciki, na kafa zanna bukar. A raina na ce wurin manya za a je, kada a raina mutum.

Muka bi ta Ikeja, muka sha gosulo har Oworonshoki, muka hau gadar Third Mainland. Nan bakina ya buɗe, na shiga koyar da yara: tsawonta kilomita 11.8, Janar Babangida ne ya buɗe ta a 1990. Ba wanda ya tanka. Da na duba madubi sai na ga Hajiya ta runtse ido, ta damƙe hannun auta, bakinta na motsi. Can ta ce, "Har yanzu muna kan kadarkon?" Na ce ko rabi ba mu yi ba. Daidai Makoko ta buɗe ido ɗaya, ta ga gidajen katako tsaye cikin ruwa da kwalekwale na kai da kawowa, ta ce, "Su waɗancan bayin Allah ina suke shuka gero?" Ta mayar da idon ta rufe.

Sai wajen sha biyu muka isa. Na biya kuɗin shiga na mutum biyar, Hajiya na ƙirga takardun da ido. Kafin mu taka ciki na tara kowa na yi huɗuba. Na ce nan ba gonar gida ba ce, kada wanda ya taɓa ko ganye ɗaya. Na nuna auta da yatsa musamman, yaro ɗan shekara 5 wanda ko labule ya gani sai ya ja. Na ce, "Duk wanda ya taɓa fure, a mota zai zauna." Ku riƙe wannan maganar.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ciyawa kore shar an aske ta kamar kan ango, iska mai sanyi, ba hon ɗin danfo, ba mai yi maka ihu a kunne. Amma sakura kam babu ko ƙyallinta. 'Yata ta tari wani dattijo mai ban ruwa da tiyo a hannu, ta fara yi masa Turanci, sai ya dubi hulata ya ce, "Sannunku da zuwa, Alhaji." Ashe mutumin Katsina ne, ya yi shekara da shekaru yana aikin lambu a Legas. Ya duba hoton ya yi dariya, ya ce waɗannan bishiyoyi sai sun sha sanyin hunturun ƙasarsu sun zubar da ganye, sannan in gari ya fara ɗumi su yi fure. Legas kuwa zafi ne da ruwa, ko hunturun namu na arewa leƙowa kawai yake yi ya koma. Namu furannin da yawa ruwan farkon damina ke tashinsu. Ya nuna mana wata ƙatuwar bishiya da ta yi ja wur kamar gobara ta kama kanta, ya ce asalinta Madagaska. 'Yata, don kada a bar ta a baya, ta ce Najeriya ma tana da furen ƙasa, yana jikin tambari, ƙarƙashin kofaton dawakan nan biyu, rawaya ne amma ja aka zana shi. Tun ina firamare nake ganin tambarin nan, wallahi ban taɓa lura akwai fure a wurin ba. Na dai gyaɗa kai kamar ni na koya mata.

Hajiya ba ta ce uffan ba sai da muka zo kan wasu jajayen furanni masu faɗi kamar faranti, da wani dogon tsinke a tsakiya. Ta sunkuya, ta kawo ido kusa, ta duba ganye, ta duba gindi.

"Wannan ai kuɓewa ce ta lalace."

Na fara zare mata ido, sai dattijon ya saki tiyo ya tafa hannu. "Wallahi Hajiya kin fi 'yan boko! Haibiskos sunansa. Danginsu ɗaya da kuɓewa da rama da yakuwa, har da auduga. Zoɓon da ke cikin jarkar nan ɗan uwansa ne."

"To shi me yake haifa?"

"Ba komai, Hajiya. Kwalliya ce kawai."

"Uhm. Kowane gida da irin nasa."

Ban san dalilin da ya sa ta dubi shaddata ba lokacin da take faɗa. Ta ci gaba da cewa su a ƙauye gurjiya na yin jan fure da hunturu, mata su tsince su yi miya, ba wanda ya taɓa yanka musu tikiti.

Daga nan na rasa mahaifiyata. Ina can ina nuna wa yara wani fure mai ƙamshi, na waiga na hango ta tsugune bayan famfo ita da dattijon, hannu na aiki. Na ruga. Lalo ta gano ya fito da kansa inda ruwa ke malala, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Na ce, "Hajiya, don Allah, mutane na kallo!" Dattijon ya ce in ƙyale ta, ai ciyawa ce a wurinsu, gobe ma zai nome ta. Ta juye burodin a cinyar uwargida, ta cika ledar taf. Tun da muka baro Agege sai lokacin na ga haƙoranta.

Saura hoto, wanda dama shi ne maƙasudin tafiyar, don a ɗora a WhatsApp abokan kasuwa su gani. Na zaɓi wata katanga da boganbiliya ta lulluɓe, shuɗi-shuɗi da ja-ja. Dattijon yana bayani cewa abin da muke gani mai launin nan ganye ne ya rikiɗe, ainihin furen ɗan ƙaramin farin nan ne da ke tsakiya, kuma asalin shukar Kudancin Amurka. Ya ƙara wata magana a ƙarshe, wadda daga baya uwargida ta ce "a yi hankali da ƙaya" ya ce. Ni lokacin ina shirya mutane. Hajiya a tsakiya da ledarta, ta ƙi ajiyewa. Bishiyar nan ja ba ta shigo cikin hoton ba, na ja da baya. "Ku matso. Ku yi murmushi." Na ƙara ja da baya. Na ƙara.

Dunduniyata ce ta fara sanar da ni akwai tukwanen fure jere a bayana. Na ji ƙwas, na ji ƙasa ta gudu, hannun babbar riga ya buɗe kamar fiffiken shamuwa, na tafi gaba ɗaya cikin wata boganbiliyar da ke ɗaya gefen. Jama'a, ƙayar abin nan ba ta san Alhaji ba. Ta riƙe riga, ta riƙe wando, ta riƙe inda ba zan rubuta ba. Hula ta gangara ta kwanta a ruwan tiyo. Ina kwance ƙafafu a sama, sai na ji muryar auta ta cika lambun:

"Abba ya taɓa fure! Abba ya taɓa! A mota zai zauna!"

Uwargida ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa, tana cewa "sannu, Baban yara" da wata murya da ba ta sannu ba. Dattijon da Hajiya ne suka zare ni ƙaya bayan ƙaya. Hajiya na cirewa tana cewa, "Ka ga abin da ba a ci, shi yake cin mutum."

Tukwane 3 na fasa, kuma na sayarwa ne. Na biya ba ciniki, don bakin ciniki ya mutu. Dattijon ya tausaya, ya tattara haibiskos ɗaya da bai karye ba, ya sa mini a leda da ƙasarsa, ya ce tunda na biya nawa ne. Ko tabarma ba mu shimfiɗa ba hadari ya haɗo, ruwan Legas ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A cikin mota muka ci dafadukar, cikin gosulo, ni a karkace saboda zama ya gagara. Da dare aka yi tuwo da miyar lalo, yara har da neman ƙari, Hajiya na ta kallona ba ta ce komai ba.

Furen nan na dasa shi a tsohon bokitin fenti a ƙofar ɗaki. Safe da yamma ina ba shi ruwa, har na hana auta bi ta wurin. Kwana 9 ya fito da ƙunshi ɗaya, na kira 'yata na ce gobe in sha Allahu zai buɗe, ta shirya waya. Da asuba na dawo daga masallaci na tarar ragon layyar maƙwabcina ya tsinke igiya, yana tsaye kan bokitin, jan abu na leƙowa a gefen bakinsa. Ko ganye bai bari ba.

Hajiya ta fito da butarta, ta dubi ragon, ta dubi sandan da ya rage a bokiti.

"Ashe dai ana ci," in ji ta, ta wuce alwala.