Har ɗaga gira ya zama laifi a BBC

A watan Nuwamban 2025 sashen sauraron ƙorafi na BBC ya yanke cewa mai karanta labarai Martine Croxall ta karya ƙa'idar rashin nuna ɓangaranci. Tana karanta labarin tsananin zafi ne a watan Yuni, rubutun da aka ba ta ya ce "mutane masu juna biyu" (kalaman da ake amfani da su don haɗawa da masu sauya jinsi), sai ta ƙara da "mata", ta ɗan ɗaga gira. Ƙorafi 20 sashen ya amince da su, kuma yanayin fuskarta ne hujja. Alhali tun watan Afrilu Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce "mace" a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace.

Abin ya ba ni haushi, domin ba Croxall kaɗai ake yi wa magana ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ƙaramin ɗan jaridar da ya ga yadda aka yi da tsohuwar hannu, gobe in an zo batun sauya jinsi zai kama bakinsa, ya tsira da aikinsa.

An daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa. A 2020 ma'aikatan jaridar Guardian fiye da 300 suka sa hannu a takardar ƙorafi bayan wani sharhin da marubuciyarta Suzanne Moore ta yi kan batun sauya jinsi, kafin shekarar ta ƙare ta bar jaridar. A Fabrairun 2023 ɗaruruwan masu yi wa New York Times rubutu suka yi mata ca saboda rahotanninta kan maganin da ake ba yara masu neman sauya jinsi.

To me shirun ya haifar? A duba sashen sauya jinsi na yara a asibitin Tavistock da ke Landan. Yaran da ake turawa can ba su kai 250 a shekara ba a wajajen 2011, bayan shekara goma sun haura 5,000, mafi yawansu 'yan mata. Wasu ma'aikatan wurin sun yi ta kukan cewa ana gaggawar ɗora yara kan maganin dakatar da balaga. Shirin Newsnight na BBC ɗin ya bi diddigi, a yaba masa, amma gidajen jarida da dama sun kau da kai. Sai a Afrilun 2024 rahoton Dakta Hilary Cass, likitar da aka ɗora wa binciken lamarin, ya fito ƙarara cewa hujjar kimiyyar da aka dogara da ita tana da rauni matuƙa. A lokacin an riga an rufe sashen. Likitar kanta sai da aka ba ta shawarar ta daina shiga motar haya saboda tsaron lafiyarta.

Masu kare wannan salo suna cewa tambayar kanta tana cutar da mutanen da ake tsangwama. Ba wanda ya ce a ci zarafin kowa, amma tun yaushe tambayar likita hujjarsa ta zama ƙiyayya? Yaran da ake iƙirarin karewa su ne suka sha magani ba tare da an tabbatar da amfaninsa ba, editoci na can suna auna kalmomi don kada abokan aiki su yi fushi.

Wannan ragwanci ne aka sa wa rigar tausayi. Edita ya tsaya wa ma'aikacinsa in ya yi tambaya ta gaskiya, takardar taron dangi kuma a ajiye ta a aljihun tebur. Masu auna girar Croxall su fara gaya mana rahotanni nawa aka danne a wannan gida kafin Cass ta yi magana.